Badarou, Maginin da Ya Ƙi Kafe wa Inna Yalwa Kaya

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinmu, kowa yakan kama gabansa. Mai shago ya nufi shago, direba ya nufi tasha, 'yan dako su gangara bakin teku inda jirage ke sauke kaya. Malam Badarou magini ne kaɗai ke komawa gida. Yakan ja ruwa a rijiya, ya ɗanɗana da bakin yatsa don ya tabbata babu gishiri a ciki, ya naɗe wani tsohon zane ya yi gammo, ya aza bokiti a ka. Daga nan sai mararrabar 'yan dako, inda mutum-mutumin Inna Yalwa yake tsaye. Yakan hau dakalin da take tsaye a kai ya fara daga kai, ya bi wuya da kafaɗu, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana wanke gishirin da iskar teku ta shafa wa simintin. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a yi masa magana sai ya gama. Sauran ruwan yakan juye shi a gindin durumin da ke gefe, sannan ya ɗauki cokalin gininsa ya tafi neman abin da iyali za su ci.

Haka na tarar da shi sa'ad da aka kawo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon 'yan mata, haka kuma yake har yau. Yanzu da muka ji cewa ciwon baya ya tilasta masa ajiye cokali, na ga bai dace unguwarmu Zongo ta bar shi ya shige ɗaki shiru, kamar wanda bai taɓa yi mata komai ba.

Ni ba mai sha'awar mutum-mutumi ba ce, gidanmu ma ko hoto ba a ratayewa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan haka suke, kuma Badarou ya sha jin ra'ayinsu. Wanda ya fi kowa damunsa shi ne taubashinsa, Karimou mai shayi, wanda teburinsa ke kallon dakalin.

"Ladanin gunki, an idar da alwalar?" haka Karimou ke tarbarsa. "Ka shafa mata kai kuwa? Kada sallarta ta ɓaci, alhaki ya hau kanka!"

"Na shafa," in ji Badarou. "Saura kofunanka. Su ne rabonsu da ruwa tun zamanin Faransa."

Amma ran da wani dattijo ya tsare shi a ƙofar masallaci da maganar gaske, bai yi wasa ba. Ya ce, "Baba, gunki shi ake roƙo. Wannan kuwa ita ke jiran bokitina. In na daina zuwa, gishiri ya cinye ta. Wa zai bauta wa abin da ba ya iya wanke fuskarsa? Ni alheri aka yi wa uwata, ina tsaron kada a manta." Dattijon bai ce ya gamsu ba, amma bai sake tsare shi ba. Hukunci na malamai ne, na bar musu. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Saboda yaranmu da suka tashi suka ga siminti kawai, wajibi ne in koma baya kaɗan. 'Yan dakon Zongo, maza da mata, suna da doka biyu da ba a rubuta ba. Kaya mai nauyi mutum ba ya aza wa kansa, ba ya kuma sauke wa kansa, sai da hannun wani. To doka ta farko: ba a aza wa mutum kaya sai ya buɗe baki ya ce, "Aza." Ta biyu: wanda ya ce, "Taya ni sauke," ba a wuce shi, ko da abokin gaba ne, ko da an tayar da iƙama. Na ga alhaji cikin babbar riga ya tsaya ya rungumi kwandon kifi mai ɗiga saboda wannan kalma, bai ko ɓata rai ba.

A zamanin aikin tilas, ana kwasar matan unguwar nan su yi jigilar buhunan gishiri daga waf, gadar ƙarfen nan da ta shiga cikin teku, zuwa tashar jirgin ƙasa. Ba a tambayarsu kafin a aza musu, kuma masu gadi riƙe da bulala sun hana kowa taya kowa saukewa a hanya. Wata rana wata mace mai tsohon ciki, sunanta Asiya, ta tsaya cikin yashi ta ce, "Ku taya ni sauke." Mai gadi ya ɗaga bulala. Yalwa, wadda ke bayanta, ta karkatar da wuya ta zubar da nata buhun, ta kama na Asiya ta sauke mata. Sai kowace mace ta juya ga ta kusa da ita ta sauke mata. Aka ɗaure Yalwa, aka sake ta, aka sake ɗaure ta. Ta ƙare rayuwarta tana zarya a ƙofofin biro, wato ofishin hukuma, tana faɗa wa duk wanda ta samu cewa kan ɗan Adam ba amalanke ba ne. Cikin da Asiya ke ɗauke da shi a ranar, shi ne Badarou.

Bayan samun 'yancin kai, matan dako suka sa aka gina mata mutum-mutumi. Maginin baƙo ne, bai san labarin sosai ba, sai ya gina mai dako yadda ya saba ganinta: buhu a ka, hannuwa biyu a sama suna tallafe da shi. Matan ba su ji daɗi ba, amma aikin gama ya gama. Shekaru suka wuce, gishiri ya ratsa simintin ya ci ƙarfen da ya kafe buhun. Wata damina aka yi iska mai ƙarfi, gari ya waye buhu yana ƙasa a gaban ƙafafunta, ita kuwa tana tsaye hannuwa a buɗe. Inna Kaltoumi, wadda tana budurwa a layin masu buhu ran da abin ya faru, kuma ita kaɗai ta rage cikinsu, ta zo ta duba ta ce, "Gishiri ta ɗauka, gishiri ya sauke mata. Alhamdu lillahi." Babu wanda ya taɓa buhun. Masu kaya suka mai da shi wurin hutawa.

Sai zamanin juyin juya hali ya zo. Kwamitin unguwa ya sami umarni daga sama cewa a gyara mutum-mutumin, a sake buɗe shi ran bikin ƙasa, a kuma mayar da buhun a kai, domin ya zama alamar ma'aikaciyar da ke ɗauke da ƙasarta. Delegen unguwa a lokacin, wato wakilin hukuma, Tidjani, ɗan Zongo ne, ubansa ma dako ya yi. Aikin kuwa ya faɗa kan Badarou, domin shi ne maginin sashen ayyuka na gari, mai gyaran magudanu da gadoji. Da wannan aiki yake ciyar da gidansa, kuma bai yi nisa da fansho ba. In ya ƙi, ya san abin da ake kiran mai ƙin umarni a wannan zamani: maƙiyin juyin juya hali. In ya yi, ya aza kaya a kan matar da ta sauke wa uwarsa.

Inna Kaltoumi ba ta aika a kira shi ba, da kanta ta dogara sanda ta same shi yana kafa katakon hawa. Masu sayar da koko da ke wurin sun ji komai, su suka ba ni labari.

"Ɗan Asiya, sauko."

Ya sauko ya durƙusa. "Ina kwana, Inna."

"Ban zo gaisuwa ba. An ce za ka aza mata."

"Haka aka umarce ni, Inna."

"Ta ce maka aza?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta ce ba."

"Kai fa kaya ne a ranar nan. Biyu uwarka ta ɗauka, ɗaya a ka, ɗaya a ciki. Da Yalwa ta tsaya jin umarni, da a cikin yashin waf aka binne ku."

Da ta tafi, ya koma ya ci gaba da kafa katakonsa. Daga ranar matan dako suka daina gaishe shi. Mai kokon da ya saba saye wurinta ta ce koko ya ƙare, ga tukunya cike a gabanta. Har Karimou ya daina tsokanarsa, Badarou kuwa ya ce wannan shirun ya fi komai yi masa ciwo.

Duk da haka bai yi aikin ƙeta ba, bai kuma yi na ganin ido ba. Ya fasa duk inda ya tsage, ya bi ƙarfen ciki da burushin waya har tsatsa ta fita. Yashin da zai kwaɓa sai da ya wanke shi da ruwan rijiya, ya shanya, ya sake wankewa, shi kaɗai yake jido, domin babu matar da za ta ɗebo masa ko moɗa guda. Ya gyara hanci, ya cike kafaɗa. Da ya zo kan yatsu, waɗanda suka kakkarye, sai ya tsaya. Ya je gidan Inna Kaltoumi ya yi sallama.

"Inna, ara mini hannunki in duba. Yatsun mai dako ba irin na kowa ba ne."

"Hannun da za ka sa ya riƙe buhu? Je ka ari na delege, ya fi laushi."

"Inna, ki saurare ni. Zan aza, laifin azawa nawa ne, na ɗauka. Amma ba zan kafe ba. Buhun da nake ginawa cikinsa rami ne, ragar waya ce da siminti kaɗan, hannun mutane zai iya da shi. Na kuma gina masa gurbi a gaban ƙafafunta."

Tsohuwar ta ce, "To wa zai ce a sauke, tunda ba ta da baki?"

"Ke ce bakinta da ya rage."

Ta ɗauki sandarta ta shige ɗaki. Washegari da hantsi sai ga ta da 'yar kujerarta a gindin durumi. Ta zauna, ta miƙa hannuwa biyu a kan gwiwa, ta kau da kai gefe kamar ba da shi take ba. Wanda ya duba yatsun mutum-mutumin a yau zai ga ƙaramin yatsan dama a lanƙwashe. Na Inna Kaltoumi ne.

Abin da ya fi burge ni a duk labarin shi ne bai yi wa hukuma ɓoye-ɓoye ba. Ya sami Tidjani a biro da rana tsaka, ya faɗa masa komai. Tidjani da bakinsa ya maimaita mini daga baya.

"Kamarad Badarou," ya fara, sai kuma ya rufe ƙofa ya sassauta murya. "Baba, kana so ka kashe ni ne? An ce buhu a ka."

"A ka za ka gan shi, ɗana. Ba a ce in kafe ba, in ma an ce, ba zan yi ba. Kayan da aka kafe wa mutum a ka ba kaya ba ne, azaba ce."

"In manya suka tambaya fa?"

"Ka ce magini ne. Sunana ba shi da wuyar rubutawa."

"In Inna ta yi kira, ni kuma in yi yaya?"

"Wannan ban sani ba. Kai ka san gidan da ka fito."

Tidjani yana da ikon ya sa a kawo wani magini ya kafe buhun kafin biki. Bai yi ba, bai kuma yi alkawarin komai ba. Har ranar bikin Badarou bai san ko za a bar tsohuwar ta buɗe baki ba, bai kuma san inda shi kansa zai kwana ba.

Ina wurin, na kawo 'yan ajina su yi waƙa. An kafa tutoci, an jera kujeru, baƙi daga manyan ofisoshi sun zauna a inuwa, sojoji kaɗan suna tsaye. Masunta sun zo daga unguwarsu ta Placodji, matan dako sun cika bayan fili, kowace da gammonta a hannu. Tidjani ya karanta jawabinsa, aka yi kirarin juyin juya hali aka amsa, ya ja farin ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi. Ga Inna Yalwa fes kamar ran da aka gina ta, ga buhu a kanta. Baƙi suka tafa. Bayan fili kuwa tsit, ko tari babu.

Sai Inna Kaltoumi ta miƙe. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma shirun ya kai ta ko'ina.

"Jama'a, a taya ta sauke."

Babu wanda ya fi Tidjani kusa da dakalin. Na ga ya dubi baƙi, ya dubi takardar da ke hannunsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya hau katakon da ba a riga an kwance ba, ya kama kusurwar buhu. Badarou ya kama ɗaya kusurwar. Karimou ya baro tukunyar shayi a wuta ya sheƙo yana cewa, "Ku yi a hankali, wannan tsohon ba shi da ƙugu!" Masunta biyu suka tara hannu a ƙasa. Wani soja, daga ganin tsagar fuskarsa ɗan arewa ne, ya maida bindiga baya ya sa kafaɗa. Buhu ya sauko daga hannu zuwa hannu har ya zauna cikin gurbinsa daram. Sai guɗa ta tashi, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gidan biki. Matan suka riƙa jefa gammo sama. Inna Kaltoumi ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi.

Babban baƙo ya kira Tidjani ya tambaye shi ko wannan yana cikin tsarin biki. Tidjani ya ce, "Kamarad, a unguwar nan ba a wuce mai kaya."

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi a taƙaice, ba tare da zargin kowa ba. An kira Badarou biro, ya yi kwanaki yana amsa tambayoyi, amsarsa kuwa ɗaya ce: shi ya gina, shi ya ƙi kafewa. Ya dawo gida lafiya, amma bai koma sashen ayyuka ba, fansho kuma ya wuce shi. Tidjani ma bai daɗe a kujerar delege ba. An nemi leburorin da za su mayar da buhun, aka bi Zongo layi-layi, duk wanda aka tambaya sai ya ce, "Ta ce aza?" Da haka maganar ta mutu. Buhu yana nan a gurbinsa, masu kaya suna zama a kai su sha iska.

Shi kuwa Badarou ya koma gyaran bakin rijiyoyi, da dakalin shaguna, da katangar maƙabarta da ruwa ke kayarwa kowace damina. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Na tambaye shi sau ɗaya ko yana nadama, ya ce, "Malama, Wanda ya ciyar da ni a cikin ciki, uwata na ƙarƙashin buhu, ba zai manta da ni a kan tudu ba."

Kai ne, Malam Badarou, ɗan Asiya, magajin gammo. Kai ne ka ɗauki zargin mata da fushin manya a lokaci guda, ba ka sauke wa kowa laifinka ba. Ka yi wa hukuma aikinta da kyau, ka faɗa mata gaskiya ido da ido. Ka riƙe sallarka a sahun gaba, ka kuma riƙe amanar wadda ta yi wa uwarka rana. Ba a rubuta sunanka a jikin dakalin ba, ba ka kuma nema ba. Inna Kaltoumi, Allah ya jiƙanta, kafin ta cika ta aika maka da gammonta, kuma na san shi ne kake azawa kowace safiya. Zongo ba ta da lambar girma da ta fi wannan.

Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka ciwon nan, ya sa ka cika da imani, ya sauke maka nauyin ranar da kowa zai zo da kayansa a ka.

Ga sauranmu kuma, musamman samari da 'yan matan da suka bi ta ajina, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Talatar da ta wuce na fito da wuri, na iske shi a mararraba, bokiti a ka, ya tsaya a gaban dakalin bai hau ba. Ruwa yana zuba a kafaɗarsa. Duk tsawon zamana a unguwar nan ban taɓa jin ya nemi hannun kowa ba. Ya dube ni da kunya, ya ce, "'Yata, taya ni sauke."

Na sauke masa. Karimou ya zo ya karɓi tsumman wankin da ke hannunsa, ya hau dakalin yana gunaguni cewa shi ba ladanin kowa ba ne, ya wanke ta tun daga kai har yatsu. Amma Karimou ma tsoho ne, iskar teku kuwa ba ta tsufa. Rijiya tana nan, bokiti yana nan, hanyar ba ta da nisa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da taɓa siminti ba, ga maginin nan da ransa, yana da ƙofa, yana da buƙatu irin na kowane dattijo.

Badarou ya faɗi kalmar a tsakiyar mararraba, gari a waye. Duk mun san dokar unguwarmu.